RAUNIN KAI BA A YAFE SHI A BAKIN HANYA

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata al'ada tamu da nake ganin tana cutar da mu, mu kuwa muna ɗaukarta kirki. Al'adar ita ce saurin cewa "na yafe" da zarar an yi haɗarin mota, tun mai rauni yana kwance jini bai bushe ba.

Sana'armu ta hanya ce. Daga Abalak ko Dakoro ko Badagishiri a loda shanu, a bi ta Ƙonni zuwa Illela, ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko daga Damagaram a gangara Maigatari, wasu har Ikko. A kowace tafiya akwai yaran da ke zaune bisa katako a saman shanu, dare da rana, suna tada saniyar da ta kwanta don kada a tattake ta. In direba ya taka birki da ƙarfi, ko taya ta fashe, ko mota ta kife, su ne farkon waɗanda ake tsinta a ƙasa, kuma mafi yawa da ka suke sauka. Haka nan masu zuwa kasuwannin ƙauye bisa kabu-kabu babu hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. Wanga lissafi na matattu ne kurum. Ni maganata a kan waɗanda suka tashi ne, amma ba su koma yadda suke ba.

Ga yadda abin ya saba gudana. Mota ta faɗi, an kai yaro likita, an ɗinke masa goshi, kwana biyu ya farfaɗo har ya sha kunu. Mai mota ya zo da dattawa da goro, ya biya kuɗin magani, ya ɗora ƴan jikkuna a kai. Uban yaro ya ji kunyar idon jama'a, ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. A yi fatiha a watse, kowa yana yabon halin kirki. To, tsugune ba ta ƙare ba. Bayan wata uku ko shida sai a ga yaron nan da ke iya ƙidaya garke da kallo ɗaya ya kasa riƙe lissafin jika goma. A aike shi ya manta abin da aka aike shi. Mai haƙuri ya koma mai faɗa, yana dukan matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana kuma ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kara yana kumfa. Nan sai a ce iska ce, ko sammu, ko ƙwaya ya fara sha. A shiga yawon neman magani, a sayar da ƴar karsanarsa, a ƙarshe matar ta koma gidansu. Mai mota kuwa tuni ya gyara motarsa yana lodi, don an ce an yafe.

Abin da likitoci suka sani

Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi da ke zaune cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugu da ƙarfi sai ta girgiza ta daki ƙashin da ke kewaye da ita, ko da fata ba ta tsage ba. Wani lokaci jijiya kan fashe a ciki, jini ya riƙa taruwa tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, kuma ba shi da mafita tun da ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Shi ya sa mutum kan suma, ya farfaɗo ya yi magana garau har ya ce a bar shi ya kama hanya, bayan ƴan sa'o'i ya sake sumewa, daga nan sai gawa. Akwai kuma mai taruwa a hankali, mako uku ko wata biyu kafin ya nuna kansa, musamman ga dattawa irinmu. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka duk wanda kansa ya bugu, a lura da waɗannan alamu: amai a kai a kai, barcin da ake tada shi da ƙyar, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko maimaita tambaya ɗaya, jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, hannu ko ƙafa ta ɓangare guda ta yi nauyi, ko jijjiga. Ko ɗaya aka gani, babu zancen jira gari ya waye. A nufi babban asibiti inda ake da na'urar sikana mai hoton cikin kai, irin na Yamai da Maraɗi da Damagaram, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin da ke kwance a ciki. Wajen ɗaukarsa kuma a tallafe wuya da kai su zauna a miƙe, kada a ciccibe shi kamar buhu, don wanda kansa ya bugu sau da yawa wuyansa ma ya taɓu. Kada a ɗura wa sumamme ruwa, kada a ba shi asfirin, don yana tsinka jini.

Wanda ya tsallake wanga mataki, sauran abin da ke biyo baya shi ne mantuwa, saurin fushi, kasa tattara hankali, jiri, raguwar ji ko gani, rashin jin ƙanshi, sai kuma farfaɗiya, wadda kan ɓullo bayan watanni, wani ma bayan shekara. Karayar ƙafa kowa na ganinta, a tausaya maka. Mai raunin ƙwaƙwalwa yana tafiya da ƙafafunsa da rigarsa fes, sai a ce lafiyarsa lau, lalaci ne. Ga ɗan kasuwar shanu kuwa kai shi ne jari. Dillalin da ya daina tuna wa ya ba bashi, wa ya biya, sa nawa aka sallama, to ya fita kasuwa ko da kullum yana zuwa kara.

Abin da muka karanta a Islamiyya

Masu cewa neman diyya rashin tawakkali ne, ina tunatar da su abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu muka durƙusa gaban malam muka karanta. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, wato kilo 4 da ƴan kai, ko dirhami 12,000 na azurfa. Raunin kai kuwa malamai sun bi shi hawa hawa. Wanda ya tone har ƙashi ya bayyana, mudiha, raƙuma 5. Wanda ya farfasa ƙashi har ya gusa, munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, ma'muma, sulusin diyya. In hankali ya gushe baki ɗaya, diyya ce cikakkiya, daidai da ta rai. Haka ji, haka gani. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar an jefi wani mutum da dutse a ka, ya rasa jinsa da maganarsa da hankalinsa da ƙarfin kusantar iyali, aka hukunta masa diyya huɗu alhali yana raye. Su da suka fi mu imani da ƙaddara ke nan.

Wani hukuncin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. Hikimar a fili take: rauni yana iya zarcewa ya ci wata gaɓa, ko ya ci rai. Mu kuwa muna rufe magana kwana uku bayan haɗari. Sannan yafewa haƙƙin mai rauni ne. Yafiya alheri ce babba, ba mai musun wannan, amma mutum dukiyarsa yake kyauta da ita. In mai raunin yaro ne, ko babba ne da hankalinsa ya taɓu, waliyyinsa mai tsaron amana ne, ba shi da ikon ya yi kyauta da abin da za a ciyar da shi a yi masa jinya. Kawun da ya miƙe cikin taro ya ce "mun yafe" don a ce da shi dattijo, ya tambayi kansa wa zai riƙa sayen maganin farfaɗiya duk wata, wa zai ciyar da ƴaƴan.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka takardar inshora, wadda muke kira asirans, ta nuna wa jandarma ce kawai a wuce shinge. Alhali dalilin da ya sa aka tilasta wa kowace mota ita shi ne a sami mai biyan wanda motar ta ji wa rauni. Dokar da ke aiki a Nijar ita ce ta CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, dokokinta suka fara aiki a 1995. Ƙasashe 14 ke bin ta, cikinsu har da Kamaru da Cadi da Benin da Togo da Burkina Faso da Mali da Kodibuwa. Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa, yadda kowa zai gane.

Na farko, fasinja ko mai tafiya a ƙasa da mota ta ji wa rauni ana biyansa ba tare da an ce ai shi ya yi sakaci ba, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Direba ne laifinsa ke iya rage masa ko ya hana shi, kuma asirans ɗin dole na motar da yake tuƙawa ba ya ɗaukar raunin jikinsa shi kansa. Direbobinmu su san da wannan, su nemi ƙarin da ya shafe su.

Na biyu, wanda ya fi shafarmu. Kamfani yana iya rubutawa cikin takardarsa cewa bai ɗauki nauyin mutanen da aka ɗauko ba bisa ƙa'idar tsaro ba. To amma doka ta ce ba a kafa wa mai rauni hujja da wanga sharaɗi. Kamfani zai biya shi, daga baya ya juya kan mai mota ya nemi kuɗinsa. Ke nan yaron da ya faɗo daga saman shanu kada wani ya rufe masa baki da cewa ai ba wurin zama ba ne. Mai mota kuma ya sani, in ya bari aka cika saman motarsa da mutane, ƙarshen lissafin yana iya dawowa aljihunsa.

Na uku, jandarma ko ƴan sandan da suka yi kwansta wajibi ne su aika da rahoton haɗarin ga kamfanin asirans cikin wata 3, kuma mai rauni yana da ikon ya nemi kwafinsa. Kamfani ne doka ta ɗora wa ya kawo tayin diyya cikin wa'adin da ta yanka, in ya yi jinkiri akwai tara a kansa. In rauni bai tsaya ba tukuna, ana iya ba da wani abu na wucin gadi kafin a yi lissafin ƙarshe. In kamfani zai sa likitansa ya duba ka, sai ya sanar da kai tun kafin ranar, kuma kana da damar ka zo da naka likitan. In mai raunin yaro ne ko wanda hankalinsa ya taɓu, ba a ƙulla sulhu sai da iznin waɗanda doka ta ɗora wa kula da irinsu. Wanda ya sa hannu kuma ya gano an saɓa wa doka, yana da kwana 15 ya warware a rubuce. In ba a daidaita ba har wa'adi ya cika, ƙofar kotu a buɗe take. Amma duk wanda ya yi shiru shekara 5 daga ranar haɗari, haƙƙinsa ya faɗi.

Na huɗu, abin da ake biya: kuɗin jinya, da kwanakin da mutum ya yi bai nema ba, da naƙasar da ta zauna masa, da azabar da ya sha. Likita ne ke auna naƙasa kashi nawa ce cikin 100. In ta kai 50 ana ƙara masa diyyar asarar abin da yake samu, in ta kai 80 har da kuɗin mai kula da shi. A nan ne mai raunin ƙwaƙwalwa ke cutuwa, don in ya shiga gaban likita da ƙafafunsa, aka tambaye shi ya jiki ya ce da sauƙi, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, sai a rubuta masa abu kaɗan. Dole matarsa ko ɗan'uwan da ke kwana da tashi da shi ya raka shi, ya faɗi duk abin da ya canza: sau nawa ya faɗi, me yake mantawa, yaya barcinsa, yaya fushinsa. A wanga wuri kunya asara ce.

Akwai kuma inda mu fatake muke cutar kanmu. Mai albashi da takardar albashinsa ake yi masa lissafi, ɗan kasuwa da takardun harajinsa. Wanda ba shi da shaidar abin da yake samu, sai a auna shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda a Nijar aka mai da shi jika 42 a wata daga 2024. Mutumin da ke loda tirela biyu duk mako, in duk cinikinsa a ka yake da aljihun ƴar shara, ranar da ya faɗi daidai yake da lebura a idon doka. Takardar patanti da rasit na duwan da na kasuwa, waɗanda muke yarwa a tasha, su ne shaidarmu.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce direban nan ɗan unguwa ne, shekara ashirin muna lodi tare, yaya zan kai shi ƙara? Ai ba shi za ka tatsa ba, Alhaji. Shekara da shekaru yana biyan kamfani kuɗi saboda rana irin wannan. In ka yafe, kamfanin da bai san sunanka ba ka yi wa kyauta, shi direban bai ƙaru da komai ba. Ka yafe masa a zuciyarka, ku ci gaba da gaisawa, amma a bar takarda ta yi aikinta. Inda abin ke zama rigima shi ne in motar ba ta da asirans, ko ta jabu ce da aka saya a bakin tasha, don a nan mai mota ne zai biya daga jikinsa. Wannan kuwa laifin wa?

Wani zai ce malamai sun yi magana a kan inshora. Gaskiya ne, akwai saɓani a kan ƙulla ta. Sai dai mai rauni bai ƙulla komai da kowa ba. Haƙƙinsa yana wuyan wanda ya ji masa ciwo, kuma malamai da dama sun ce ya halatta ya karɓa daga hannun wanda ya tsaya wa mai laifin. Ko a fiƙihu ma, diyyar kuskure in ta kai sulusi dangin mai laifi ne ke haɗuwa su biya, ba shi kaɗai ba. Mai shakka ya je ga malaminsa ya tambaya kafin ya yafe.

Wani kuma zai ce bin ofis wahala ce, yau a ce ka dawo gobe, gobe a ce babu wata takarda. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma akwai ƴan tsakiya da ke zagaya gadajen asibiti suna karɓar wakilci, su karɓo kuɗi su miƙa wa mai rauni abin da suka ga dama. Amma wahalar ta fi yawa ne ga mutum ɗaya da bai iya faransanci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma amfanin ƙungiya ke nan.

Shawarata ga ƙungiya

Ina kira ga shugabanninmu, a kowace babbar kara a naɗa mutum biyu masu karatun boko da za a kira da zarar an yi haɗari. Aikinsu su tabbata an yi kwansta, su rubuta lambar mota da sunan kamfanin asirans da lambar takardar, su karɓi takardar shaidar likita ta ranar farko wadda ta faɗi ko mai rauni ya suma da tsawon lokacin da ya yi, su adana hoton sikana da kowace takardar magani da rasit. Ƙungiya ta yi yarjejeniya da lauya guda sananne, a san ladansa tun farko a rubuce. A cikin kuɗin da ake karɓa kan kowace mota a ware wani abu don sikana da jinyar kwanakin farko, in diyya ta fito a mayar.

Kada sarkin tasha ya bari a loda shanunmu a motar da ba a ga asirans ɗinta ba. Mai tsallaka iyaka ya tuna Najeriya da Gana ba sa cikin CIMA, dokarsu daban ce. Tun 1982 ƙasashen CEDEAO suka kafa katin Carte Brune don motar da ta yi haɗari a wata ƙasa, kuma tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, kowane mai mota ya je ofishin asirans ɗinsa a rubuta masa ƙasashen da takardarsa ta ɗauka kafin ya tashi. A ƙayyade yawan yaran da ke hawa saman shanu, a hana ɗaukar fasinjan kan hanya a can, a rubuta sunan kowane yaro da garinsu kafin mota ta tashi. Mai hawa babur ya sa hular kwano, rawani ba ya tare kwalta.

Daga ƙarshe ina roƙon dattawanmu masu shiga tsakani, Allah ya saka muku da alheri, ku ci gaba da sulhu, amma in rauni na kai ne ku ce a dakata. A yi gaisuwa, a yi jinya, a bar zancen yafiya sai likita ya ce ciwo ya tsaya, mai shi kuma ya dawo cikin hankalinsa ya faɗa da bakinsa. Ba ma sallama sa sai mun zagaya shi mun duba haƙori da kofato, bai kamata haƙƙin ɗan mutum ya fi sa arha a wurinmu ba.

Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa.